Ciwon dajin hanta ya ɗauke mahaifina da ƙaninsa, ko gado ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya rasu da ciwon dajin hanta, bayan 'yan shekaru ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bi shi da irin wannan ciwo. Ba su shan taba, ba su shan giya, noman gyaɗa da masara suke yi, sai dai baffana ya taɓa aikin haƙar zinare. Mutane na cewa ciwon a jininmu yake. Ni da yarana ma zai kama mu ke nan? Daga wani mai karatu a Ƙauran Namoda, jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙuri.

Kowane ciwon daji daga lalacewar ƙwayoyin gado yake farawa, amma wannan ba ya nufin an gaje shi. Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutaccen umarni, wato DNA, mai gaya mata lokacin rabuwa da lokacin tsayawa. Duk rabuwa sai ta kwafe umarnin, kamar mai kwafin littafi da hannu, wanda komai ƙwarewarsa wata rana sai ya tsallake harafi. Jiki yakan gyara yawancin kurakuran. Sai sun taru a ƙwaya ɗaya, shekara da shekaru, sannan ta fara hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Waɗanda aka haifa da kuskuren tun daga iyaye ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu ciwon daji ba, kamar matan da ke ɗauke da lalatacciyar ƙwayar gado mai suna BRCA1 ko BRCA2, masu jawo dajin nono da na ƙwan mace. Sauran duk a rayuwa ake samun lahanin.

Dajin hanta kuwa, a ƙasarmu, ba kasafai yake zama gado na ainihi ba. Abin da na fi zargi a gidanku abu biyu ne da 'yan gida ɗaya kan yi tarayya a kai: cutar hanta nau'in B, da abin da ke cikin rumbu.

Cutar hanta nau'in B tana shiga jariri daga uwa lokacin haihuwa, ko ta bi yara tun suna ƙanana ta aska ɗaya wajen kaciya, tsaga ko cire beli. Jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 cutar takan zauna masa har girma, alhali babba in ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta. Sai ta yi shekara talatin ko arba'in tana cin hanta shiru, ba zazzaɓi ba shawara. Wa da ƙani da suka fito ciki ɗaya, wanzami ɗaya ya yi musu aiki, ka ga yadda abin zai yi kama da gado.

Na rumbu kuma shi ne gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su gama bushewa ba. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ta a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. An ma san inda take sara. Hanta ce ke sarrafa ta, nan take komawa wani sinadari mai manne wa DNA, ya canja harafi ɗaya a gurbi na 249 na ƙwayar gado mai suna TP53, wadda aikinta shi ne tsayar da ƙwayar da ta lalace ko ta kashe ta. Tun 1991 aka ga wannan tabo a hantar marasa lafiya a Sin da kudancin Afirka. In gubar ta tarar da hantar da cutar B ta riga ta raunana, haɗarin ninkawa yake yi sosai, ba ƙari kawai ba. Abin da ke damuna shi ne al'adar kai gyaɗa mai kyau kasuwa a bar ƙwailo da mai ɗaci a gida, a yi ƙuli-ƙuli da kunu da ita. Suya ko tafasa ba sa kashe wannan guba.

Batun zinare ba na jin shi ne ya taɓa hantar baffanka. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, ƙwaƙwalwa da ƙoda da jini ta fi lalatawa. Ƙurar dutsen da ake niƙawa ita ce ke da tabbatacciyar alaƙa da ciwon daji, amma na huhu.

To, ba a ce lallai zai kama ku ba, sai dai kada ka zauna. Ka je asibiti a yi maka gwajin jini na cutar hanta nau'in B, kai da iyalinka da 'yan uwanka, har gwaggonninka in suna raye. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku ce. Wanda aka samu da ita likita zai duba ko yana bukatar magani irin su tenofovir, kuma da tarihin gidanku ya kamata a riƙa yi masa hoton ciki duk wata shida, don ƙarin da aka gani yana ƙarami shi ake iya cirewa. Ya guji jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da sunan wankin hanta, wasu ƙara mata rauni suke yi. Jaririn da aka haifa a gidan, ko a gida aka haife shi, a kai shi a yi masa allurar farko ta rigakafin cutar B cikin awa 24. Tana cikin rigakafin yara na Nijeriya tun 2004, kyauta.

Amfanin gona kuma a shanya shi a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, ya bushe ƙarau kafin ya shiga buhu, buhun kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango. A tsince mai fumfuna da wadda ta canja launi a zubar. Kada a ba shanu ko awaki masu tatsa, don gubar tana fitowa a nono.