Me ya sa jerin fayilolina ke sauyawa, kuma yaya zan ƙara --sort?

Tambaya: Malam, na rubuta 'yar manhajar neman fayil ta layin umarni. Duk lokacin da na kunna ta sai jerin sakamakon ya sauya, gwaje-gwajena kuma suna ta faɗuwa. Ina son ƙara zaɓin --sort, amma ina tsoron ta yi nauyi.

Amsa: Tsoron naka da dalili. Hanya biyu gare ka. Ko dai ka tattara sakamako duka ka jera sannan ka buga, wanda ke cin ƙwaƙwalwar kwamfuta kuma mai amfani zai zauna yana kallon allo babu komai har a gama. Ko kuma ka jera abin da ke cikin kowace folda kafin ka shiga ta, kamar yadda ayyukan scandir da alphasort ke yi a harshen shirye-shirye na C. Ta biyun ta fi sauƙi, sai dai tana son zare (thread) guda, wato layin aiki ɗaya a lokaci guda. Shi ya sa ripgrep, manhajar neman rubutu a cikin fayiloli, ke daina aiki da zaruruwa da yawa muddin ka ba shi --sort path. Jeri bisa lokaci ko girma kuwa sai an kira stat, mai kawo bayanan fayil, a kan kowane fayil, don haka ka bar --sort a matsayin zaɓi, kada ya zama dole.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cewa "ai a kwamfutata a jere suke fitowa". POSIX, ƙa'idar tsarin aiki irin na Unix, bai taɓa alkawarin wani jeri ga readdir, aikin da ke karanto sunayen da ke cikin folda, ba. Umarnin ls ne ke jera kayansa da kansa, find kuwa yadda ya tarar haka yake zubowa. Tsarin fayil na Windows, NTFS, kan ba da sunaye a jere, na Linux kuma, ext4, bisa hash yake bi, wato wata lamba da ake lissafowa daga sunan. Sai ka ga mutum ya rubuta find ya haɗa da head -1, mai ɗaukar layin farko kawai, wai zai goge ajiyar da ta fi tsufa, sai ya share wadda aka yi jiya! Masu yaɗa irin wannan layi a intanet ba tare da gargaɗi ba suna cutar da mutane ƙwarai.

Kafin ka gama --sort ɗin, yi amfani da find -print0 | sort -z, saboda sunan fayil na iya ɗauke da sabon layi. Sa LC_ALL=C don jerin ya zama ɗaya a kowace na'ura, kuma sort -V ne zai sa fayil2 ya riga fayil10.