In sayi kyamarar 4K ko in ci gaba da mai kaset?

Tambaya: Malam, ina da wata Sony Handycam mai ƙaramin kaset da na gada wurin yayana. Da ita nake ɗaukar hawan salla da bukukuwan gida. Yanzu ina so in yi fim a kan dukawan unguwarmu, in zauna da dattawa su ba da labarin sana'ar tun daga jima har ɗinki. Na tara jika 200. In sayi mai 4K? Daga wani mai karatu a Birni, Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Amma kafin ka taɓa kuɗin nan, ɗauko kaset ɗin hawan sallar bara ka kunna, ka rufe ido, ka saurara kawai. Na san abin da za ka ji. Iska na bugun makirfo kamar ana kakkaɓe tabarma, algaita da kakaki sun shanye komai, ga gurnanin injin kaset ɗin kansa a ƙasa-ƙasa. Wanda ke magana taku uku daga inda kake kuwa, sai ka ce daga cikin rijiya yake.

Fim ɗin da ka kwatanta na murya ne. Dattijon baduku ba ya ɗaga murya, kansa a sunkuye kan fata yake magana, hannu na aiki. Masu kallonka yawancinsu a waya za su gani, za su haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in ba su ji abin da tsohon ke faɗa ba, minti ɗaya ba za su yi ba. Saboda haka kuɗin farko na makirfo ne, ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Duba gefen kyamararka ko akwai rami mai rubutun MIC, sau da yawa ja ne. In babu, ka haɗa makirfon da wata waya ka sa a aljihun dattijon, ko ka nemi ƙaramar rikoda irin Zoom H1n. Da ka kunna duka biyun sai ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Da wannan tafin za ka daidaita murya da hoto a kwamfuta.

To, ita tsohuwar fa? A ganina ta yi ritaya, kuma kaset ne dalili. Tsarin ƙaramin kaset ɗin nan, wato MiniDV, tun 1995 ya fito, hotonsa ɗigo 720 a 576 ne kawai, kuma kan da ke karanta kaset ɗin ba ya shiri da ƙurar hunturu. Da ya yi datti sai ka ga ratsi-ratsi sun yanka hoton, wani lokacin ba ka sani ba sai ka koma gida, dattijon kuma ba zai maimaita maka labarin yadda ya faɗa da farko ba. Amma kada ka sayar da ita. Da ita za ka kwashe tsofaffin kaset ɗinka zuwa kwamfuta, ta igiyar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK. Sababbin kwamfutocin hannu ba su da ramin, sai ka nemi tsohuwa ko ta tebur da aka sa wa katin FireWire. Kaset na awa ɗaya awa ɗaya yake ci wajen kwashewa, ya kuma cinye wajen giga 13.

Batun 4K, wato hoto mai ɗigo masu yawan gaske, ka bar shi tukuna. A saurin megabit 100 a daƙiƙa, awa ɗaya giga 45 ce, kyamarar tana son katin ajiya mai sauri, mai alamar V30, tana son kwamfuta mai ƙarfi wajen tacewa. Jika 200 ɗinka a nan za su narke. Kyamara ba ita ce fim ba: Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya yi fina-finansa na farko a nan Nijar da kyamarar da ake murɗawa da hannu kamar agogo, wadda ba ta cika rabin minti tana ɗauka.

Nemi kyamara mai katin ajiya, Full HD, wato 1920 a 1080, mai ramin makirfo. Ka duba da idonka, don akwai irin Sony CX405 da ake gani da yawa, hotonta ba laifi amma ramin babu. Abin da irin waɗannan suka fi waya shi ne zum na gilashi: kana tsaye nesa a ƙofar fada za ka jawo fuskar mahayi ba tare da hoton ya farfashe ba, kuma ba sa saurin ɗaukar zafi su tsaya kamar yadda waya ke yi a ranar Afrilu. Ragowar kuɗin ka sayi ƙafa uku ta ɗora kyamara da batir na biyu.

In Kano za ka aika a sayo, ka ce wadda ke ɗaukar firam, wato hotuna, 25 ko 50 a daƙiƙa. Wutarmu hertz 50 ce, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, sai lambar kyamara ta dace da ita. Ƴar Amurka mai 30 da 60 takan sa hoto ya riƙa ƙyafce-ƙyafce in kana ɗauka a zaure ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ka sa ɗan aiken ya shiga saitin ya ɗauko maka hoton lambar ta WhatsApp kafin ya biya.