Amsa ga Mai Tambaya Kan Tafiya da Ƙaramin Jirgin Ruwa a Lungunan Tekun Patagoniya

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun jiya, inda ka ce aiki zai kai ka Santiyago, babban birnin Cile, a watan Disamba, kuma kana so ka ƙara mako guda ka gangara ƙarshen kudu domin ganin tsaunukan ƙanƙara, sai dai ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin babban jirgin yawon buɗe ido mai ɗaukar dubban mutane da ƙaramin jirgi wanda kwanakinsa kaɗan ne amma kuɗinsa ya fi tsada. Ka kuma yi tambaya game da jirin teku da salla da abinci. A shekarun da na zauna a Barazil Allah Ya nufa na bi wannan yanki sau biyu, na farko a babban jirgi tare da iyalina, na biyu a ƙarami ni kaɗai, don haka abin da zan faɗa maka abin da idona ya gani ne.

Idan da hali, ka ɗauki ƙaramin jirgin. Dalilina shi ne yadda ƙasar take. A kudancin Cile gaɓar teku ba miƙaƙƙiya ba ce. Ƙanƙara ce ta yi dubban shekaru tana sassaƙa duwatsu har ta bar kwaruruwa masu zurfi, daga baya ruwan teku ya shigo ya cika su, suka zama lunguna dogaye masu ƙunci da tsaunuka dama da hagu, waɗanda ake kira fiyod. Ƙanƙarar da ake zuwa gani tana can ƙuryar waɗannan lunguna, inda take gangarowa a hankali daga tsaunukan Darwin kamar daskararren kogi har ta taɓa ruwa. Babban jirgi ba ya shiga mafi yawan waɗannan wurare, kuma ko ya shiga ba shi da yadda zai sauke mutum dubu biyu a gaɓar da babu tasha, babu titi, babu ko rumfa. A tafiyata ta farko mun ratsa mashigin Bigul, mun wuce jerin ƙanƙarar da aka sa wa sunayen ƙasashen Turai, irin su Italiya da Faransa da Jamus da Holan, muna kallo daga saman jirgi a cikin cunkoso. Abin ya yi kyau ƙwarai, amma cikin 'yan sa'o'i an wuce, ban taka ƙasa ba sai a garuruwa.

Tafiya ta biyu daban take. Jirgin bai fi ɗaukar mutum kamar 200 ba, ya tashi daga Punta Arenas a bakin mashigin Majelan, ya yi dare 4 kafin ya isa Ushuwaya ta ƙasar Ajantina. Kusan kowace rana sau ɗaya ko sau biyu ake sauke kwale-kwalen roba masu inji, waɗanda kowa a can yake kira Zodiac, a raba mu rukuni-rukuni, kowa da rigar kariya daga nitsewa, a kai mu gaɓa tare da jagora. Ranar da muka sauka a gaban ƙanƙarar Piya muka hau wani tudu muka zauna shiru, kuma a nan na gane cewa ƙanƙara tana da murya: za ka ji ƙara kamar tsawa daga cikinta, wani lokaci babu abin da zai faɗo, wani lokaci kuma wani ɓangare mai girman gida ya ɓalle ya faɗa ruwa, igiyar ta taho har gaɓar da kake. Launinta shuɗi ne mai zurfi a wuraren da ta tsage, kuma jagoranmu ya bayyana mana cewa nauyin dusar ƙanƙarar da ta yi shekaru tana taruwa ne yake matse iskar da ke ciki, sai ƙanƙarar ta riƙa shanye jan haske tana maido da shuɗi. Na yi tasbihi a wurin fiye da yadda na saba, domin mutumin da ya tashi a ƙasar da ƙanƙara sai a firji ko wadda ke zubowa da ruwan sama bai taɓa zaton akwai irin wannan halitta ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun kafin ka biya kuɗi, shi ne cewa iska ce ke da iko da jadawalin tafiyar, kyaftin kuma bin ta yake yi. Mutane da yawa suna sayen tikiti ne saboda Kef Hon, tsibirin nan na ƙarshen kudu wanda matuƙan Holan, Schouten da Le Maire, suka kewaya a 1616 suka sa masa sunan garin Hoorn na ƙasarsu. Kafin a buɗe mashigin Panama a 1914 jiragen kasuwanci masu yawa ta nan suke kewayawa, kuma rayukan da suka salwanta a wurin ne suka sa aka kafa wani abin tunawa mai siffar tsuntsun albatiros a 1992. Akwai hasumiyar fitila da ɗan ƙaramin coci, kuma wani jami'in sojan ruwan Cile yana zaune a can da iyalinsa. Sauka a tsibirin ba tabbas ba ce. Mu mun yi sa'a da asuba iska ta lafa, muka hau matakalar katako mai tsawo daga bakin ruwa, amma ba mu daɗe ba aka ce kowa ya koma kwale-kwale saboda yanayi ya fara juyawa. Wani dattijo da muka zauna teburi ɗaya ya ce mini wannan ne zuwansa na biyu, domin a karon farko daga nesa kawai ya hango tsibirin. Duk kamfanin da ke faɗin gaskiya zai rubuta maka cewa saukar ta dogara ga yanayi, kuma idan ka tafi da wannan a ranka ba za ka dawo da ɓacin rai ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a zuciya ma ba Kef Hon ba ne, gaɓar Wulaya ce a tsibirin Nabarino. Nan ne ɗaya daga cikin manyan matsugunan mutanen Yagan, waɗanda suka rayu dubban shekaru a cikin kwale-kwalen ɓawon itace, suna ɗauke da wuta a tsakiyar kwale-kwalen, cikin sanyin da mu da riguna huɗu muke rawar ɗari. Wutar mazauna yankin ce Majelan, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, ya hango a 1520, daga nan ƙasar ta sami sunan Tiyera del Fuwego, wato ƙasar wuta. A Wulaya ne Kyaftin FitzRoy na jirgin Bigul, tare da masanin halittu Charles Darwin, ya maido a 1833 da mutum uku 'yan yankin da ya taɓa ɗauka zuwa Ingila. Bayan zuwan Turawa cututtuka da ƙwace ƙasa suka kusa ƙarar da wannan al'umma, kuma a 2022 Cristina Calderón, wadda ita ce ta ƙarshe da ta tashi da harshen Yagan a bakinta, ta rasu. Jikokin Yagan suna nan a garin Puwerto Wiliyams suna ƙoƙarin raya harshen. Mai babban jirgi ba zai tsaya a wannan gaɓa ya ji wannan tarihi a inda ya faru ba. A yankin kuma za ka ga dazuzzuka da suka bushe suka yi fari a tsaye cikin ruwa, aikin wata dabba ce mai suna biba da aka kawo daga Kanada a 1946 domin fatarta, ta yaɗu babu mai cin ta, tana datse rafuffuka tana kashe itatuwan da ba sa sake tohowa bayan an sare su.

Game da jirin teku, hankalinka ya kwanta. Mafi yawan hanyar a cikin lunguna take, tsaunuka sun kare ta, ruwan kuma kwance. Wurare biyu ne na ji jirgi yana rawa sosai: inda aka ɗan leƙa tekun Fasifik da dare, da kuma hanyar zuwa Kef Hon. Ka nemi maganin jiri daga likita tun a gida, ka kuma roƙi ɗaki a tsakiyar jirgi a bene na ƙasa. Wannan tafiya ba ɗaya take da zuwa Antatika ba, inda ake kwana kamar 2 ana ratsa mashigin Direk a buɗaɗɗen teku.

Disamba lokacin zafinsu ne, amma zafin can bai cika wuce digiri 10 zuwa 15 ba, kuma a yini guda za ka ga rana da ruwan sama da iska mai ture mutum. Ka sa tufafi hawa-hawa, na sama ya zama wanda ruwa ba ya ratsawa, har da wando, domin a Zodiac ruwa yana fantsama. Safar hannu da hular sanyi da tabarau da man kare fata duk wajibi ne, saboda hasken rana a can yana ƙona fata ko da kana jin sanyi. Watan ya dace da ganin tsuntsayen fenguwin a tsibirin Magdalena, inda suke ƙyanƙyasa a ramuka, amma ka duba jadawalin da kyau don ba kowace tafiya ce ke tsayawa a can ba.

Batun salla shi ne wanda na fi so a ce wani ya faɗa mini tun da wuri. Alƙibla ba ta da wahala, domin daga yankin kusan gabas sak take, sai dai jirgi yana juyawa, don haka ka tafi da kamfas ko manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba, tunda a jirgin da na shiga babu sabis ɗin waya tsawon tafiyar. Wahalar tana ga lokaci. A Disamba yini yana kai sa'o'i 17, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, duhu kuma ba ya kammala sauka kafin gari ya fara wayewa, ta yadda tsakanin isha da asuba ɗan lokaci ne ƙalilan. Ni na yi ƙasaru na haɗa magariba da isha bisa rangwamen matafiyi, amma ina ba ka shawara ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka bayyana masa yanayin wurin. Abinci kuwa, ka rubuta wa kamfanin tun lokacin biyan kuɗi cewa ba ka cin naman alade kuma ba ka shan giya, har wadda ake sawa a miya ko kayan zaƙi. Na rayu a kan kifi da kaguwar teku da kayan lambu ban ji yunwa ba. Bayan an sauka a gaban ƙanƙara akwai al'adar miƙa wa baƙi abin sha, wani giya ne wani kuma koko mai zafi, sai ka tambaya kafin ka karɓa.

Abu na ƙarshe shi ne takardu. Tafiyar tana farawa a Cile ta ƙare a Ajantina, ko ta fara a Ajantina ta ƙare a Cile, saboda haka mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar ƙasashen biyu, kuma idan jirgin samanka na komawa gida daga Santiyago zai tashi, ka tabbata bizarka ta Cile ta shiga fiye da sau ɗaya ce. Ka yanki inshorar da ta haɗa da ɗauko marar lafiya daga wuri mai nisa, domin likitan jirgi taimakon farko kawai zai iya yi. Daga Santiyago zuwa Punta Arenas tafiyar sa'o'i 3 da rabi ce a jirgin sama, kuma ka isa kwana ɗaya kafin ranar tashi, saboda jirgin ruwa ba zai jira wanda iska ta jinkirta ba.