Amsa ga mai son yin shingen katako a bayan gida

Wa'alaikumus salam Malam. Tun daren jiya na ga tambayarka amma waya ba caji, sai yanzu. Ka ce ka samu gida a wajen Jambutu nan Garwa ta Kamaru, bayan gidan a buɗe yake, iyali suna girki da wanki masu wucewa na kallo, kuɗin katangar bulo kuma bai taru ba, shin katako zai yi ko asara ce. To zai yi, ni ma shi ne a bayan gidana yanzu shekara ta bakwai kenan, amma fa na biyu ne, na farkon ko shekara biyu bai cika ba, shi yasa na ce bari in ɗan yi tsawo kar ka faɗa ramin da na faɗa.

Na farkon nan wani kafinta ne ya yi min, ba zan kira suna ba don har yanzu muna gaisawa. Farin katako muka saya, ayus ɗin nan mara nauyi, don shi ne mai araha, ya tona rami ko kamu ɗaya bai kai ba ya dasa dirkokin ya mayar da ƙasa ya tattake, ya jera allunan gam ba ko kafar da iska za ta bi, ya shafa shuɗin fenti, wallahi ranar har maƙwabta sai da suka zo kallo. Damina ta farko ya sha. Ta biyu kuwa, hadarin farko na watan Mayu, irin wanda iska ke fara zuwa da ƙura kafin ruwa, muna ɗaki muka ji rim! Shingen gaba ɗaya ya kwanta kan akurkin kajin maƙwabcina. Da safe na tsuguna na dafa gindin dirka ɗaya da babban yatsa sai yatsan ya shige, fentin waje lafiya lau amma ciki ba komai sai jar ƙasa da gara na ta kai da kawo. Kaji biyu na biya, ban da kunya.

To kaga abin da nake so ka riƙe, shinge daga ƙafa yake mutuwa. Kowa idonsa na kan alluna don su ake gani, alhali kuɗinka a dirka ya kamata ya tafi. In da hali ka sa mai walda ya yanko maka bututun ƙarfe, ko ƙarfen kwana, ya liƙa masa 'yan kunnuwa inda za a ɗaure katakon, shikenan kun rabu da gara a ƙasa. In kuma dole sai itace to jan katako mai nauyi, iroko in ka samu na gaske, girman da kafintocinmu ke ce wa shebron, santimita 8 kowane gefe. Azarar giginya ma ba ta da wasa, musamman ta namijin, tsofaffin gidajenmu shaida ne, amma saya za ka yi a hannun masu sayarwa kar ka ce za ka je daji ka sare, ma'aikatan gandun daji ba su san wannan zancen ba.

Rami santi 60 a ƙalla ga shinge mai tsayin mita 2, in ƙasarku irin baƙar lakar nan ce da Fulani ke ce wa karal, mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, ka ƙara zurfi don ita da kanta take tura dirka ta karkace. Ka zuba tsakuwa a ƙasan ramin tukuna, sannan kankare, siminti da yashin mayo, wato na kogi, da tsakuwa, saman kuma a ɗaga shi ya fi ƙasa tudu kaɗan a gangaro shi yadda ruwa ba zai kwanta a gindi ba. Siminti dai ba nisa, ga Figil inda ake yin sa nan kusa damu. Tsakanin dirka da dirka kar ya wuce mita 2, kafinta zai ce maka 3 ma ya yi don ya rage aiki, kar ka yarda. Ka bar kankaren kwana uku kana yayyafa masa ruwa safe da yamma kafin a buga ko ƙusa ɗaya.

Sai maganar katakon kansa, wannan mutane da yawa basu lura ba. Katakon da muke saya duk daga dazukan kudu da gabas yake zuwa, jirgin ƙasa ko manyan motoci su kawo shi Gaundare, daga nan a hauro dashi Garwa da Marwa har Kusiri da Injamena, yana isowa da ɗanyantakarsa. Ka buga shi yau a jere ba tsaga, zafin Maris da Afrilu ya bi ta kansa, sai ka wayi gari tsakanin allo da allo yatsa na shiga, sirrin da ka kashe kuɗi dominsa ya tafi. Ni da zan yi na biyu a watan Disamba na saya, na jera a inuwa ina sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi na ɗora bulo a sama don kar ya lanƙwashe, sati uku hunturu na busar dashi. Maiɗakina har tana min tsiya wai na buɗe shagon katako a tsakar gida.

Wajen bugawa kuma ga dabarar da ta cece ni. Layin lat uku a kwance, wato siraran katakon da ake gilmawa daga dirka zuwa dirka, sama da tsakiya da ƙasa, sai a buga allo ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowanne ya ɗan hau kan gefen ɗan'uwansa kamar yatsu biyu. Mai wucewa ba ya ganin komai sai in ya leƙa ta karkace, amma iska na samun hanya ta sulale, ba ta tarar da bango ta tunkuɗe shi ba. Eh yafi cin alluna kaɗan, amma ko da yamma ka zauna a gindinsa za ka ji bambanci, ba ya riƙe zafi kamar langa-langa. Ƙusa biyu a kowane mahaɗi, jan katako kuma a fara huda shi in ba haka ba tsagewa zai yi. Kada allo ya taɓa ƙasa ko kaɗan, ni layin bulo ɗaya na sa a ƙasa na bar kafar ruwa a wuri biyu, sai alluna suka tsaya a samansa da ɗan rata, kaji basa shigowa gara kuma in ta fara gina hanyarta a jikin bulon ina gani in kankare da tsinke.

Magani, akwai karbonil da ake sayarwa a shagunan kayan gini, a shafa kafin a buga ba bayan an gama ba, musamman bakin da zarto ya yanka don nan yake shan ruwa. Wasu baƙin mai na gareji suke shafawa, yana taimakawa ba ƙarya, amma ni ban sa shi a alluna ba saboda yara suna jingina, shanya ma tana taɓawa, in akwai rijiya kusa ma ka manta dashi kwatakwata.

Dan Allah kafin ka tona rami ko ɗaya ka kira maƙwabcinka da jauro, wato mai unguwa, a ja igiya a gabansu, ka ma ja baya kamar tafin hannu cikin naka filin. In gidan haya ne mai gida ya sani. Murhu kuma a matsar dashi nesa da jikin shingen.

In lissafi ya ƙi fitowa, ka dasa dirkokin ƙarfen da kankarensu bana, ka ɗaura zana a jiki, zana na yin shekara ɗaya ko biyu lafiya, baɗi in Allah ya hore sai ka kwance ta ka buga alluna a kan dirkokin nan dai. Ka auna tsawon wurin ka faɗa min mita nawa ne da irin ƙasar, sai in lissafa maka yawan dirka da lat, farashi kuwa ka taka kasuwa da ƙafarka ka tambayi shago uku don kullum canzawa yake.