Iyali Sun Ɗauki Shatar Jirgi a Tafkin Kainji, Suna Son Kwana a Kan Ruwa

Tambayarka ita ce: wani magidanci ya ɗauki shatar jirginmu daga Yauri na kwana biyu, shi da matarsa da yara, suna so su kwana a ciki kamar jiragen nan masu ɗakuna na Tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, me za ka shirya?

To ɗana, fara da gaya masa gaskiya. Namu jirgin katako ne mai rumfa, ba gida ba ne. Yawo da rana ne, kwana kuma a bakin gaɓa, jirgi a ɗaure. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, don haka kafin ƙarfe 5 ka riga ka isa inda za a sauka.

Sai lodi. Ƙirga kowa, har na goye, ka tanadi rigar ruwa mai hana nutsewa daidai jikin kowane mutum. Rigar babba ba ta yi wa yaro amfani, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. Buhun shinkafa, jarkokin ruwan sha da kula duk su zauna a tsakiya, a ƙasa. Bayan an gama lodi ka auna: in tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai taƙin hannu biyu ba, a rage kaya, ko da mai shata zai ɓata rai.

Inji shi ne inda nake so ka natsu. Yamaha mai doki 40 da muke aiki da shi, ana haɗa masa fetur da baƙin mai kashi 50 da 1, wato rabin lita a tankin lita 25. Zuba man tukuna, ka bi shi da fetur, ka girgiza. Ka rage baƙin mai, fistin ya ci wuta ya kafe. Ka cika shi, fulogi ya yi baƙi inji ya riƙa tari. In ka buɗe masa wuta gaba ɗaya yana shan kusan lita 20 a awa, saboda haka raba fetur ɗinka uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Da ka tayar, duba siririn ruwan da yake fesowa ta bayan inji. In babu, kashe nan take. Ko ciyawa ta toshe inda yake zuƙar ruwa, ko robar famfon ta cinye, kuma cikin mintuna kaɗan zafi zai lalata kan inji. A akwatinka a samu fulogi biyu, sifana, igiyar tayarwa, da farfela ta canji tare da fil ɗinta. Filafili, gora da bokitin kwashe ruwa ba sa barin jirgi.

Ka san tun 1968 da aka datse kogin, ruwa ya cinye tsofaffin garuruwa da bishiyoyinsu. In ruwa ya ja baya, kututturan suna dab da sama, ba ka ganinsu sai sun fasa katako. Bi hanyar da masu jirage suka saba, ka sa yaro a gaba yana dubawa, ya kuma lura da tarun masunta. Farkon damina, in hadari ya haɗo daga gabas, nufi gaɓa kafin iska ta sauko, kada ka yarda igiyar ruwa ta buge ka ta gefe.

Wajen kwana, nemi lungun da iska ba ta bugawa, kusa da ƙauyen masunta, ka gaida Sarkin Ruwansu ka tambaye shi inda dorina take fitowa kiwo. Ɗaure gaba a turke, ka jefa anka ta baya.

Janareta kuwa, ka sauke shi a tudu, nesa, ta inda iska za ta tafi da hayaƙin. Kada ka taɓa kunna shi ko kurfoti a ƙarƙashin tamfol da mutane suke barci. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci, kuma yara take fara kamawa. Girki ma a tudu, nesa da jarkokin fetur. Kowa ya shiga gidan sauro, yara kuma a hana su wanka a ruwan bakin gaɓa mai ciyawa, don a nan ake ɗaukar tsargiya.