Damagaram ko Kano: amsa ga mai shirin ƙaura da iyali

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce kai mai walda ne a unguwar Garin Malam a nan Damagaram, da mata da yara uku, kana so a gaya maka inda rayuwa ta fi sauƙi tsakanin Nijar da Najeriya, domin kana tunanin kwashe iyali ka koma Kano. Na daɗe ina fataucin atamfa tsakanin Kantin Kwari ta Kano da Kasuwar Dole ta Damagaram, na kuma yi zaman haya da iyali a Kano kafin in dawo gida, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Idan alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya za ka bi, a jerin ci gaban al'umma da take fitarwa kullum Nijar tana can kusa da ƙarshe, Najeriya kuwa ta ba ta tazara saboda yawan masu ilimin boko da yawan kuɗin shiga. Sai dai a cikin alƙaluman nan ne kuma za ka ga matsakaicin tsawon ran ɗan Nijar ya haura shekara 60, na ɗan Najeriya bai kai 55 ba. Ke nan takarda ba za ta yanke maka hukunci ba. Abin da zai yanke maka shi ne irin kuɗin da kake samu da kuma inda kake kashe su.

Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, kuma haka farashin yake tun 1999. Naira kuwa an sake ta a kasuwa a watan Yunin 2023, 'yan makonni bayan Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Na sha tsayawa a shago a Kwari in ga mai kaya ya ƙi faɗa mini farashin turmi sai ya buga waya Wapa, kasuwar 'yan canji, ya ji yadda canji ya tashi, kuma farashin da ya ba ni da hantsi ba shi zai ba wanda ya zo bayan la'asar ba. Mu masu shigowa da sefa a lokacin riba muka ci, amma maƙwabtana na da, waɗanda albashinsu da cinikinsu duk naira ne, a gabana suka rage kwanon abinci. Mafi ƙarancin albashi ma ya nuna haka: Najeriya ta mai da nata naira 70,000 a 2024, Nijar ta mai da nata sefa jika 42, wato dubu 42, a shekarar, kuma duk wanda ya kai su wajen ɗan canji a lokacin zai tarar jika 42 ta fi nauyi.

Kada wannan ya sa ka ɗauka Damagaram ta fi Kano samu. Ko kusa. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 ba a haɗa kasuwarta da tamu, kuma mai sana'ar hannu irinka zai iya samun aikin ƙofofi da tagogi a unguwa ɗaya ta Kano wanda ya fi abin da zai samu a garin nan gaba ɗaya, ga ƙarfe a Ƙofar Ruwa ba sai ya biya duwan ba. Matsalar ita ce abin da Kano ta ba ka da dama tana karɓe shi da hagu. Kuɗin haya na shekara guda ake biya gaba ɗaya, alhali a nan wata-wata muke yi. Garin yana da faɗi, sai an hau adaidaita sau biyu ko uku kafin a kai wurin aiki. Wuta kuma, wadda ita ce ran sana'arka, ba ta tsayawa, dole ka mallaki janareta ka ciyar da shi da man da aka janye wa tallafi. Mu ma ba mu tsira ba, tunda wutar Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina take zuwa, kuma kowa ya tuna duhun da aka sha lokacin da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ta fannin mai dai muna da matatar SORAZ a hanyar Tanut tun 2011, ga farashi na gwamnati, ko da yake dogayen layukan farkon 2025 sun nuna cewa man sumoga na Najeriya ne ya daɗe yana rufa mana asiri.

Ruwa ba sai na faɗa wa ɗan Garin Malam ba. Kano ma 'yan garuwa ne ke shayar da unguwanni da dama, amma ban taɓa ganin an kwana a bakin famfo da jarkoki ba irin yadda muke yi a nan idan bazara ta tsananta.

Maganar lafiya kashi biyu ce. Ga ciwon yau da kullum, da awon ciki, da jinyar ƙananan yara, nan ya fi sauƙi ga talaka, domin tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, ko da yake sau da yawa takardar magani ake miƙo maka ka nufi kanti. Idan kuwa babban ciwo ne mai buƙatar ƙwararru, ka san mutanenmu nawa ne ke ɗaukar hanyar Matamaye da Daura zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙashi na Dala. Wannan ba ya buƙatar ƙaura, tafiyar yini ɗaya ce. Abin da na fi jin tsoro a kansa shi ne karatun yaranka. Yaron da ya yi nisa a lakwal da Faransanci, idan aka kai shi inda ake karatu da Ingilishi sai an mai da shi baya, kuma makarantun gwamnati a can sun cika maƙil, mai son ɗansa ya karu sai ya biya ta kuɗi kowane zango.

Ka kuma sa iyaka cikin lissafinka. An rufe ta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, an sake rufewa a 2023, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Zumuncinmu da Kano da Daura ya girmi kowace gwamnati, amma jami'in da ke shinge katin ɗan ƙasa yake tambaya.

Shawarata, kada ka taɓa iyali tukuna. Ka bari a gama kaka ka aje musu hatsi, ka bar yaronka na shago da ƙananan ayyuka, ka tafi kai kaɗai ka yi 'yan watanni a ƙarƙashin wani ubangida mai janareta. Duk ƙarshen wata ka cire ci da sha da kuɗin mota, ka canza abin da ya rage zuwa sefa a ranar, ka gwada shi da abin da shagonka na Garin Malam ke kawowa. Idan bai ninka ba, sayo ƙarfe da kayan aiki ka dawo da su, domin nan za a biya ka da sefa.