Amsa: Yaushe ake kiran mutum gwanin rubuta manhaja?

Ɗan'uwa, ka ce ka koyi yarukan rubuta manhaja na Python da JavaScript, kana tambaya yare nawa za ka ƙara kafin a kira ka gwani. Kada yawan yare ya dame ka. Wanda ya riƙe ɗaya da kyau, na biyu ba ya ba shi wuya.

Ranar da abu ya lalace ake gane gwani. Zai buɗe manhajar da wani ya rubuta tun da daɗewa, ya bi ta layi-layi har ya gano inda cutar take, ya gyara bai ɓata wani wurin ba. Kuma ba ya yarda da abin da bai gwada ba. Ga misalin illar rashin gwaji: a 1996 rokar Turai, Ariane 5, ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta. An ɗauko manhajar Ariane 4 ne aka saka mata, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin bit 16 (wato ɗan ƙaramin wurin ajiyar lamba a kwamfuta) da aka tanadar masa, tunda sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu.

Ni dai shawarata, shiga GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ka zaɓi aikin da jama'a ke amfani da shi, ka karanta shi sosai, ka gyara ƙaramin kuskure. In masu aikin sun yi maka gyara, ka jure, ka tambaye su dalili. Allah ya dafa maka.